Dimitiri Mendeleyef: Maraya Daga Saiberiya Wanda Ya Jera Sinadaran Duniya

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantar sakandare, ko kuwa ya buɗe littafin ɗansa mai koyon kemistiri, ba zai rasa ganin wani allo mai gida-gida kamar gurbin dara ba, kowane gida da harafi ɗaya ko biyu da lamba a cikinsa. Shi ne ake kira jadawalin sinadarai. Yara suna haddace shi don su ci jarrabawa, amma kaɗan ne suka san cewa wanda ya tsara shi baƙo ne a birnin da ya yi suna, uwarsa ce ta ɗauko shi daga can ƙuryar ƙasar Rasha ta yi ta bin ƙofa ƙofa tana nema masa makaranta. Sunansa Dimitiri Mendeleyef.

An haife shi ran 8 ga watan Fabrairu 1834 a yankin Tobolsk cikin Saiberiya, inda sanyi yake daskarar da kogi wata da watanni har dawaki su riƙa ratsawa ta kansa da kaya. Wuri ne da Sarkin Rasha yakan tura waɗanda suka yi masa tawaye, domin nisansa kaɗai ya isa kurkuku. Shi ne auta a gida mai 'ya'ya fiye da goma. Mahaifinsa Iban shi ne shugaban babbar makarantar garin, amma a shekarar da aka haifi yaron sai ya makance, aka sallame shi da ɗan fanshon da bai taka kara ya karya ba. Nauyin gida duka ya koma kan matarsa Mariya.

Ita Mariya 'yar gidan 'yan kasuwa ce. Danginta suna da wata tsohuwar masana'antar gilashi a ƙauyen Aremziyani wadda ta kusa durƙushewa, sai ta kwashi iyalinta ta koma can, ta tayar da ita, ta riƙa ci da gida da abin da ake samu. A nan yaron ya tashi yana kallon yadda ake zuba yashi da toka a wuta su narke su koma kwalba. A makaranta kuwa ba a lissafa shi cikin zarata ba. Yana son lissafi da kimiyya, amma ya tsani harshen Latin, wanda shi ne ma'aunin ilmi a makarantun Rasha na zamanin, bai kuma daina tsanarsa ba har tsufansa.

Cikin 1847 uban ya rasu. Shekara na zagayowa gobara ta cinye masana'antar ƙurmus. Mariya ta riga ta manyanta, ba ta da sauran abin dogara, amma ta ƙudura a ranta sai autanta ya shiga jami'a. Cikin 1849 ta tattara ya-nata ya-nata, ta ɗauki Dimitiri mai shekara 15 da yayarsa Liza, suka kama hanyar Mosko a keken doki. Tafiyar ta fi kilomita 2,000, wato ta ɗara nisan Ikko zuwa Maiduguri, ga tsaunukan Ural a tsakani, babu kuma jirgin ƙasa. Da suka isa, jami'ar Mosko ta ce ba ta da wurinsa. Ba gwada shi aka yi ya faɗi ba. Doka ce ta ce yaron da ya gama makaranta a Tobolsk jami'ar Kazan ce tasa, ba shi da rabo a ta wani yanki. Duk wanda ya taɓa neman wa ɗansa makaranta a garin da ba nasa ba ya san ɗacin irin wannan amsa.

Ba ta juya gida ba. Ta wuce da shi Sen Fitasbag, babban birnin Rasha a lokacin, inda daga ƙarshe cikin 1850 aka karɓe shi a babbar kwalejin horon malamai, wadda mahaifinsa ma a can ya yi karatu. Bayan 'yan watanni Mariya ta rasu, kamar dai wannan kaɗai take jira. Ba a daɗe ba tarin fuka ya kashe Liza. Shi kansa Dimitiri ya shiga tari har da jini, ya yi ta kwanciya a asibitin kwalejin, likitoci suna ganin ba zai kai labari ba. Duk da haka ya gama cikin 1855 da lambar zinariya. Shekara 37 bayan rasuwarta, da ya wallafa wani babban littafi nasa, sunan mahaifiyar nan ya sa a shafin farko.

Don neman lafiya aka tura shi koyarwa a Kirimiya, can kudu inda ake da ɗumi, sai ya tarar ana tsakiyar yaƙi tsakanin Rasha da Turkiyya da Ingila da Faransa, makarantar ma a rufe take. Amma tafiyar ba ta tashi a banza ba, domin a can ne shahararren likitan soja Pirogof ya duba shi ya tabbatar masa cewa ciwonsa ba na mutuwa ba ne. Ya ɗan koyar a Odesa, ya koma Fitasbag cikin 1856, sa'an nan cikin 1859 gwamnati ta tura shi ƙaro ilmi a Heidelberg ta ƙasar Jamus.

A nan ya kamata mai karatu ya san inda ilmin sinadarai ya tsaya a wancan lokaci, in ba haka ba ba zai ga girman abin da mutumin ya yi ba. Ɗauki gishirin miya. In aka narkar da shi aka sa masa wutar lantarki, sai ya rabu biyu: wani farin ƙarfe mai taushi da ake kira sodiyam, wanda in ya taɓa ruwa sai ya yi ta tafasa har ya kama wuta, da wata iska mai guba da ake kira kulorin. Ruwan sha ma yana rabuwa zuwa iska biyu, haidirojin da oksijin. Amma zinariya, ko azurfa, ko baƙin ƙarfe, ko kuza, ko farar wuta, duk yadda aka dafa su ko aka jiƙa su ba sa rabuwa su ba da wani abu dabam. Irin waɗannan su ne sinadaran asali, daga haɗuwarsu ne ake samun dutse da itace da iska da jikin ɗan Adam. Tun 1808 wani malami Baturen Ingila mai suna John Dalton ya bayyana cewa kowane sinadarin asali tarin waɗansu ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi iri ɗaya, wato ƙwayar zarra, wadda Turawa ke kira atam. Ƙanƙantarsu ta kai in an jera dubu ɗari ba za su kai kaurin silin gashi ba. Ba mai iya ɗora ƙwaya ɗaya a sikeli, amma ana iya gwada nauyin wannan da na wancan. In aka ɗauki haidirojin, wanda ya fi kowa rashin nauyi, a matsayin 1, to kabon, wato asalin gawayi, 12 ne, oksijin 16, farar wuta 32, baƙin ƙarfe 56.

Matsalar ita ce masanan ba su yarda da juna a kan waɗannan lambobi ba. Wani ya ce oksijin 8 ne, wani ya ce 16. Wani ya ce kabon 6, wani ya ce 12. Abin ya zama kamar kasuwar da kowane ɗan awo ya zo da nasa mudun. Don haka cikin watan Satumba 1860 masana kimanin 140 suka taru a garin Karlsruhe na Jamus, taro na farko irinsa a duniya. An watse ba a daidaita ba, amma wani ɗan Italiya mai suna Cannizzaro ya yi bayanin hanyar da za a bi a sami nauyi guda tabbatacce ga kowace ƙwaya. Cikin masu sauraro har da Mendeleyef, yana da shekara 26, maganar kuwa ta zauna masa daram.

Ya koma gida cikin 1861 da bashi a wuyansa, babu aiki tsayayye. Cikin 'yan watanni ya rubuta littafin koyarwa sukutum wanda ya ci kyautar Demidof, da kuɗin ya sami sararin yin aure cikin 1862. Ya yi digirin dakta cikin 1865, cikin 1867 kuma aka ba shi kujerar farfesan kemistiri a jami'ar Sen Fitasbag.

Abin da ya kai shi ga jadawalin ba wani abu ba ne illa larurar malami. Ya duba bai ga littafin kirki cikin harshen Rashanci da zai ba ɗalibansa ba, sai ya zauna rubuta nasa. Da ya gama juzu'i na farko sai ya ga sinadarai 8 kawai ya taɓa, alhali waɗanda aka sani a lokacin 63 ne. Saura 55 ke nan, ga mawallafi yana jiran juzu'i na biyu. In ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya, littafin ba zai ƙare ba, ɗalibai kuma ba za su riƙe ba. Dole a sami tsarin da zai tara su dangi dangi.

Dangogin kuwa an daɗe da lura da su. Litiyam da sodiyam da fotasiyam duk ƙarafa ne masu taushi, ana yanka su da wuƙa, ba su jituwa da ruwa. Fulorin da kulorin da buromin da aidin, shi dai aidin ɗin nan da ake shafa wa rauni, su ma halinsu ɗaya, duk suna haɗuwa da ƙarfe su ba da wani irin gishiri. Abin da Mendeleyef ya yi shi ne ya jera sinadaran bisa nauyinsu, daga mara nauyi zuwa mai nauyi, ya duba inda 'yan dangi ɗaya suke faɗawa. Litiyam 7 ne. Bayansa beriliyam, boron, kabon, naitirojin, oksijin, fulorin mai 19. Na gaba shi ne sodiyam mai 23, wanda halinsa sak na litiyam. Aka sake bin layi, sai ga silikon ya faɗo daidai da kabon, farar wuta daidai da oksijin, kulorin daidai da fulorin, sa'an nan fotasiyam mai 39 ya sake dawo da halin sodiyam. Wato halin sinadarai zagayowa yake yi, kamar yadda ranar kasuwa take zagayowa. In aka karya layin a inda ya dace aka ɗora wani ƙarƙashin wani, sai 'yan dangi ɗaya su tsaya a sahu guda.

Ran 1 ga watan Maris 1869, wanda a kalandar Rasha ta lokacin 17 ga Fabrairu ne, ya kamata ya kama hanya zuwa lardin Tiber don duba wa wata ƙungiya wuraren da manoma ke yin cuku. Bai tafi ranar ba. Ya wuni yana rubutu yana sokewa, kafin dare ya fitar da tsarin a takarda ɗaya ya aika maɗaba'a. Ana yawan ba da labari wai a mafarki ya ga jadawalin. Labarin yana da daɗin ji, amma takardun da ya bari, cike da gyare-gyare da soke-soke, sun nuna aikin shekaru ne ya nuna a ranar. Da lokacin gabatar da shi ya yi a taron ƙungiyar masana kemistiri ta Rasha, shi yana can wajen masu cuku, abokinsa Menshutkin ne ya karanta a madadinsa.

Gaskiya ita ce ba shi kaɗai ya hango wannan abu ba. Wani Bajamushe, Dobereiner, tun 1829 ya lura da sinadarai masu tafiya uku uku. John Newlands na Ingila ya ce halinsu yana maimaituwa a kowane na takwas, aka yi masa dariya a taron masana a London. Lothar Meyer na Jamus ya fito da tsari mai kama da na Mendeleyef ƙwarai, har suka yi shekaru suna jayayya a kan wanda ya riga. Inda Mendeleyef ya sha gabansu shi ne ƙarfin hali. Su in sinadari ya ƙi shiga tsari sai su yi shiru ko su yi kame-kame. Shi kuwa sai ya ce tsarin ne daidai, awon ne ke da kuskure. Ana cewa nauyin yuraniyam 120 ne, ya ce a ninka, 240 ne, haka kuwa ya tabbata. Teluriyam ya ɗan fi aidin nauyi, ya kamata ya zo bayansa, amma sai ya sa shi a gaba, don ta haka ne kawai aidin zai faɗa cikin danginsa.

Babban abin kuma shi ne guraben da ya bari. Tsakanin tutiya mai nauyin 65 da asenik mai 75 bai ga abin da ya dace ba, sai ya bar gida biyu babu kowa, ya ce akwai masu su, ba a gano su ba ne tukuna. Haka ya yi a bayan kalsiyam. Cikin 1871 ya ƙara da abin da ba wanda ya taɓa yi: ya rubuta siffofin sinadarai uku da ba wanda ya taɓa gani, da nauyinsu, da irin gishirin da za su bayar. Ya ara kalmar eka, wato ɗaya a harshen Sanskirit na Indiya, ya raɗa musu sunayen wucin gadi: eka-alminiyam, eka-boron, eka-silikon. Masana da yawa a Turai suka ɗauka cika baki ne kawai na wani Barashe.

Cikin 1875 wani Bafaranshe mai suna Lecoq de Boisbaudran ya gano wani sabon ƙarfe cikin dutsen tutiya, ya sa masa suna galiyam. Ƙarfe ne mai ban mamaki, yana narkewa a tafin hannu, domin zafin da yake bukata bai kai digiri 30 ba. A Sakkwato cikin bazara ko hannun ma ba ya bukata. Ya auna ɗan abin da ya samu ya ce ya ninka ruwa nauyi sau 4.7. Da labari ya kai Fitasbag, Mendeleyef, wanda ko ƙyallin ƙarfen bai taɓa gani ba, ya rubuta zuwa Faransa ya ce wannan eka-alminiyam ɗinsa ne, kuma awon ba daidai ba ne, kamata ya yi ya zama wajen 5.9, a sake tace ƙarfen a gwada. Bafaranshen bai ji daɗi ba, ina wanda zai ji daɗi? Amma ya sake tacewa, ya sake aunawa, ya sami 5.9. Gani ya kori ji. Cikin 1879 Nilson na ƙasar Suwidin ya gano sikandiyam, ya shiga gurbin eka-boron. Cikin 1886 Winkler na Jamus ya gano jamaniyam: Mendeleyef ya ce nauyin ƙwayarsa zai zama 72, aka sami 72 da 'yan kai, ya ce zai ninka ruwa sau 5.5, aka sami 5.35. Tun kafin wannan na uku, cikin 1882, ƙungiyar masana ta Ingila ta ba shi lambar Davy, shi da Meyer tare.

Ba mutum ne mai zama a ɗakin gwaji kaɗai ba. Tun 1863 ya fara zuwa Baku duba rijiyoyin mai, ya ba da shawarar a riƙa tura man ta bututu maimakon ɗauka a ganga bisa amalanke, cikin 1876 kuma gwamnati ta aike shi Amurka ya ga yadda ake haƙo mai a Pennsylvania. Ya sayi gona a Boblobo yana gwada takin zamani. Ya yi wa sojan ruwa albarushi mara hayaƙi, ya kuma sa hannu wajen tsara kuɗin fito na 1891 don kare masana'antun Rasha. Cikin watan Agusta 1887, yana da shekara 53, aka shirya masa hawa balan-balan a garin Kilin don kallon husufin rana. Ruwan sama ya jiƙa balan-balan ɗin har ya kasa ɗaukar mutum biyu, sai ya bar matuƙin a ƙasa ya tashi shi kaɗai, ya haura fiye da mita 3,000, ya sauka lafiya wajen kilomita 100 daga inda ya tashi. A gida kuwa in ya gaji da karatu, akwatunan tafiya yake haɗawa da hannunsa. Gashin kansa da gemunsa sun sauko har kafaɗa da ƙirji, ga saurin fushi, ga faɗa da murya, amma ɗalibai suna cika ɗakin laccarsa maƙil.

Rayuwarsa ta gida ba ta rasa abin faɗa ba. Ya haura shekara 40 sa'ad da ya kamu da son wata ɗalibar zane, Ana Popoba, wadda ya girme ta da shekara 26. Ya rabu da matarsa ta fari Feozba, ya auri Ana cikin 1882 tun kafin wa'adin da Cocin Rasha ta ɗora wa mai saki ya cika, limamin da ya ɗaura auren kuwa ya rasa muƙaminsa. Sunansa ne ya kare shi. Da talaka ne ya yi haka da ba a ƙyale shi ba.

Da hukuma ma ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Cikin 1880, lokacin da duniya ta riga ta san shi, Majalisar Masana Kimiyya ta Rasha ta jefa ƙuri'a ta ƙi ba shi cikakkiyar kujera, abin da ya jawo surutu a jaridu da jami'o'in ƙasar. Cikin 1890 ɗalibai suka yi bore, ya yarda ya kai takardar kokensu ga Ministan Ilmi Delyanof don a sami zaman lafiya. Ministan ya mayar masa da takardar tare da gargaɗi cewa ma'aikacin Sarki ba shi da ikon karɓar irinta. Mendeleyef ya ajiye aikin jami'ar da ya yi wa hidima fiye da shekara 30. Daga 1893 har ƙarshen ransa shi ne shugaban hukumar awo da ma'auni ta Rasha, mai tabbatar da cewa sikelin ɗan kasuwa a Mosko daidai yake da na Saiberiya.

A shekarunsa na ƙarshe ne ilmin ya fara wuce shi. Cikin 1894 Rayleigh da Ramsay na Ingila suka gano argon, wata iska da ba ta haɗuwa da kome, ba ta kuma da gida a jadawalin. Da fari ya ƙi yarda sabon sinadari ne, ya ce wani nau'in naitirojin ne. Sai da aka gano 'yan'uwanta, irin su niyon, sa'an nan aka ga dangi ne guda cur, aka ƙara musu sahu a gefe, jadawalin ya ƙara ƙarfi maimakon ya rushe. Amma akwai abin da bai taɓa haɗiyewa ba. Cikin 1897 J. J. Thomson ya gano ilaktaron, wani ɗan abu da ke cikin ƙwayar zarra, ya kuma fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Bayan haka aka ga waɗansu sinadarai, irin su radiyam da Marie Curie da mijinta suka gano, suna fitar da haske suna rikiɗa su zama waɗansu. Mendeleyef ya ziyarci ɗakin gwajinsu a Faris cikin 1902, ya gani da idonsa, amma bai saki ra'ayinsa ba cewa ƙwayar zarra ba ta fasuwa, sinadari kuma ba ya zama wani. Har ya yi hasashen waɗansu sinadarai biyu da suka fi haidirojin rashin nauyi, waɗanda babu su sam. Ƙarfin halin da ya ba shi galiyam shi ne ya kai shi ga wannan kuskure.

Cikin 1906 kwamitin kyautar Nobel ya zaɓe shi, amma majalisar masana ta Suwidin ta juya shawarar. Cikin masu adawa da shi akwai Arrhenius, wanda Mendeleyef ya daɗe yana sukar ra'ayinsa. Aka ba Henri Moissan na Faransa. Ran 2 ga watan Fabrairu 1907 ciwon huhu ya kashe Mendeleyef a Sen Fitasbag, saura kwana shida ya cika shekara 73. Aka binne shi a maƙabartar Bolkobo, inda mahaifiyarsa take, ɗalibai suna tafe a gaban gawar ɗauke da babban allon jadawalin.

Ya rasu bai san dalilin da ya sa jadawalinsa yake aiki ba, dalilin kuwa yana cikin abin nan da ya ƙi yarda da shi. Cikin 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan duk nauyin ƙwayar zarra yana tattare ne a wata 'yar cibiya a tsakiyarta, saura duk fili ne da ilaktaron ke kewayawa. In da za a buɗa ƙwayar ta kai girman filin wasa na Surulere, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gyaɗa a tsakiyar fili ba. A cikin cibiyar akwai furoton, akwai kuma niyutoron, wanda Chadwick ya gano cikin 1932. Cikin 1913 wani saurayi Baturen Ingila, Henry Moseley, ya tabbatar da cewa abin da ke ba sinadari gidansa ba nauyi ba ne, lamba ce, wadda daga baya aka gane ita ce yawan furoton da ke cibiyarsa. Haidirojin yana da 1, kabon 6, oksijin 8, baƙin ƙarfe 26, zinariya 79. Kuzar Jos tana da 50, niyobiyam da ake samu daga kolumbait na can yana da 41, yuraniyam irin na Arlit a Jamhuriyar Nijar 92. Teluriyam 52 ne, aidin 53; ashe wurin da Mendeleyef ya ajiye su daidai ne, sai dai awon da ya zarga ba shi da laifi, yawan niyutoron ne ya ƙara wa teluriyam nauyi. Shi Moseley an kashe shi a yaƙin Gallipoli cikin 1915 yana da shekara 27.

Zagayowar hali kuma daga ilaktaron take. Suna zama ne hawa hawa a kewayen cibiya, hawan farko yana ɗaukar 2, na biyu 8, waɗanda ke hawan waje kuwa su ne ke hulɗa da sauran ƙwayoyi. Litiyam da sodiyam da fotasiyam kowannensu ilaktaron ɗaya tal yake da shi a waje, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya. Kulorin yana da 7, saura ɗaya ya cika 8. In sodiyam ya miƙa masa nasa guda ɗayan sai su manne, abin da ya fito shi ne gishirin da ke cikin miya. Argon kuwa hawansa na waje a cike yake, ba ya bayarwa ba ya karɓa.

Sinadaran da aka sani yanzu 118 ne, na ƙarshensu an tabbatar da sunayensu cikin 2016. Wani gurbi da ya bari ƙarƙashin manganis, mai lamba 43, sai cikin 1937 aka cike shi, da sinadarin da aka ƙera da na'ura. Cikin 1955 kuma Glenn Seaborg da Albert Ghiorso da abokan aikinsu a jami'ar Kalifoniya suka ƙera sinadari na 101. Ƙwaya 17 kacal suka samu a gwajin farko, kowace kuwa ba ta daɗewa take rikiɗewa. Lokacin Amurka da Tarayyar Sobiyet ba sa ga maciji da juna, saboda haka sai da masanan suka nemi iznin gwamnatinsu kafin su raɗa masa sunan Barashe. Aka ba su, suka kira shi mendelebiyam.